Daga Oil Mill Zuwa Baturiya: Mu Je Mu Ga Fadamar da Ke Ciyar da Mu

 Iyayenmu sarakunan Hausawa, shugabannin 'yan albasa da 'yan gwari da 'yan kifi, direbobi da 'yan kamasho da masu dako, har da ku 'yan'uwa na Oyigbo, da na Bakin Gada a Anaca, da na Gariki a Inugu: ku ba ni aron hankalinku, maganar gida na kawo.

Kowace Laraba titin Aba yakan cushe a Rumukwurushi tun da sanyin safiya saboda kasuwar nan tamu ta Oil Mill a Fatakwal na ci. Ku dubi abin da ake saukewa daga motocin da suka kwana biyu a hanya. Kwalayen banda, buhunan tattasai da attaruhu, albasa, shinkafa, kanwa, tabarmin kaba. Mai saye farashi kawai yake tambaya, ba ruwansa da inda kaya suka fito. Mu kuwa mun sani. Da dama daga cikinsu ruwa ɗaya ne ya raine su, ruwan fadamar nan da ta shimfiɗu daga Haɗeja, ta bi ta Kirikasamma da Guri, ta kai Nguru da Gashuwa. A cikinmu akwai waɗanda can aka yanke musu cibiya. Akwai kuma waɗanda ba su taɓa taka wurin ba, amma da ribar kayansa suka yi aure, suka gina gida, suka sauke farali.

To ga tambaya, kowa ya amsa wa kansa. A cikin fadamar nan akwai wurare biyu da hukuma ta keɓe domin tsuntsaye da namun daji: Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta jihar Jigawa, da Dagona a ƙasar Bade ta jihar Yobe. Mu nawa ne muka taɓa zuwa? Mu nawa ne muka taɓa kama hannun 'ya'yanmu muka ce ku zo ku gani? A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, lokacin yana shugabantar ƙungiyar kare namun daji ta duniya WWF, ya kai ziyara har Dagona domin ya ga tsuntsayen wurin. Baƙo ya tsallako teku ya gani. Mu da muke wucewa ta gefen wurin kowace Sallah, ko waiwaye ba ma yi. Abin da kunya, kuma haɗarinsa ya fi kunyarsa, domin dajin da masu shi ba su san shi ba, ranar da za a cinye shi ba wanda zai ɗaga murya.

Ga wanda bai san yadda wurin yake ba, ga shi. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma yana gangarowa daga tsaunukan Jos ta ƙasar Bauchi. Da suka iso gabashin Jigawa sai suka tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan rairayi, ruwa ya rasa hanya ɗaya miƙaƙƙiya, ya rarrabu rassa-rassa, ya malale cikin kwari da tafkuna, kafin abin da ya saura ya sake taruwa wajen Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi. A watannin Agusta da Satumba ƙasar takan zama ruwa iya ganinka. Manomi ya riga ya shuka shinkafa tana tashi tare da ruwan. Kifi ya bazu cikin ciyawa yana ƙwai. Da ruwa ya fara ja baya, masunci ya shiga da komarsa. Inda ya janye aka bar danshi, a dasa wake da kayan lambu. Bayan an kwashe amfani, Bafulatani ya sauko da shanunsa su ci ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani, su bar taki. Fili ɗaya, a shekara ɗaya, ya ciyar da manomi da masunci da makiyayi, ga mai yankan kaba da mai kwasar kanwa a gefe. Wace masana'anta ce a Trans-Amadi take ɗaukar mutane haka?

Sai kuma baƙin da na fi so ku gani. Daga watan Nuwamba, lokacin da sanyi ya rufe Turai da Rasha, tsuntsayen ruwa sukan taso dubbai su tsallake Bahar Rum, su tsallake Sahara, su sauka a nan, domin bayan hamada wannan fadama na cikin wuraren farko da za su sami ruwa da abinci. A cikinsu akwai wata 'yar agwagwar ruwa da nauyinta bai kai rabin kilo ba. In lokacin komawa ya matso, wajen Fabrairu zuwa Maris, namijin yakan fito da farin layi daga saman ido har ƙeya. Akwai mai dogon wutsiya mai tsini. Akwai masu dogayen ƙafafu da ke bin gonakin shinkafa bayan girbi suna tsintar abin da ya zube. Wani lokaci a kama ɗaya a ga zoben ƙarfe a ƙafarsa da lamba da sunan wani gari na Turai, masu bincike ne suka sa masa don su san hanyarsa. Ku 'yan'uwana, wa ya fi mu sanin wannan rayuwa? 'Yan ci-rani ne irinmu. Sun baro gida saboda yanayi ya matsa, sun yi doguwar tafiya, abin da suke nema masauki ne da ɗan abin da za su ci su koma. Mu da muka san daɗin a tarbe ka a zango, muka kuma san zafin a tashe ka da rusau, bai kamata a yi mana dogon bayani a kan haƙƙin baƙo ba.

Ban da baƙin ga 'yan gida: dinya, kirinjijiya mai fito da dare, zalɓe, balbela, kwasakwasa, ga shamuwa da ke zuwa da albishir ɗin damina. Masana sun ƙirga tsuntsaye sama da iri 300 a wannan yanki.

Takardu kam an sa wa hannu. A 1987 aka kafa shirin kula da fadamar Haɗeja da Nguru, da hannun gidauniyar kare muhalli ta Najeriya NCF da abokan aikinta na waje. A 1991 aka kafa Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, Dagona ta shiga ciki. A 2000 Tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008. A 2020 UNESCO ta amince da yankin Haɗeja da Nguru da Bade a matsayin wurin da duniya za ta kula da shi, kuma a ƙarshen shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da sababbin gandun dajin ƙasa goma, fadamar Haɗeja na ciki. Madalla. Amma sanarwa ba ta share hanya, ba ta biyan mai gadi, ba ta yashe kogi. Abin da ke sa hukuma ta tuna da wuri shi ne ƙafafun mutane da bakinsu.

Kuma fadamar tana ciwo, kada wani ya ruɗe ku. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ba zan zagi madatsa ba, don tumatirin Kadawa da Kura da muke sayarwa a nan da ruwan Tiga ake noma shi, Kano ma tana sha. Sai dai tun da aka tare ruwa a sama, aka haɗu da farin shekarun 1970 da 1980, ambaliyar da ke raya fadama ta ragu. A shekarun 1960 ruwa kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. A wasu shekarun da suka biyo baya ko rabin haka bai kai ba. Masana tattalin arziki da suka auna abin a farkon shekarun 1990 sun gano cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama yana samar da amfani, na noma da su da itace, ninkin-ba-ninkin abin da ruwa daidai wannan yake samarwa a babban aikin noman rani na Kano. Wannan ya kamata duk wanda zai sake tayar da maganar madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are ya ji shi, domin Jama'are ne babban kogin da ya rage yana zuwa da ambaliyarsa yadda Allah ya tsara.

Sai ciyawar kachala. Duk ɗan Guri ko Nguru ya san ta, ko barci yake ka ambace ta zai yi tsaki. Da can rassan kogi sukan bushe da rani, rana ta kashe abin da ya tsiro a ciki. Yanzu da ake sakin ruwa daga madatsu har cikin rani, ƙasa ba ta bushewa, laka ta taru, kachala ta sami gida. Tana fin mutum tsawo, ta tsaya cunkus, kwale-kwale ba ya ratsawa, koma ba ta shiga. Kanta mai ruwan ƙasa in ya fashe iska ta kwashi irin ta watsa ko'ina. Ta toshe wasu rassan, ruwa ya karkata ya taru a wajen Marma da Nguru ya cinye gonaki, mutanen ƙasa da su kuma suna kukan ƙishi. Sauro na ciki, dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya na ciki, jan-baki kuma ya mai da ita wurin kwana, da safe ya tashi ya faɗa gonar gero da shinkafa. Mutanen ƙauyuka sun sha fita aikin gayya da lauje da adda, suna cikin ruwa har ƙirji, su buɗe hanya, baɗi ta dawo.

A nan ina da magana da masu jari a cikinmu. A kwarin Kogin Senegal irin wannan ciyawa ta mamaye bayan an gama madatsar Diama a 1986, kuma a Senegal da Muritaniya an koyi sarrafa ta a yi gawayi da ita. Alhazaina, ku ne kuka san kasuwar gawayi a nan Kudu, ku ne kuka san kuɗin mota daga Haɗeja zuwa Fatakwal. Maimakon a ci gaba da sare itatuwan Baturiya ana lodi, me ya hana wani ya zauna da masana a jami'o'inmu ya ga ko kachala za ta ci kasuwa? Abin da ake biyan mutane su yanke, in ya zama kaya, da kansu za su yanke shi.

Mu mazauna Fatakwal ba sai an ba mu labarin mataccen ruwa ba. Mun ga rafukan da mai ya kwanta a kai, mun ga masunci ya koma ɗan acaɓa. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran wurin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Tun ƙarshen 2016 mun san baƙar tokar da ke sauka a kan farar riga da cikin hanci. Wanda ya zauna a garin nan ya ga wannan, ba shi da uzurin yin shiru a kan ruwan garinsu.

Yanzu bari in taɓa inda ke mana ƙaiƙayi, a yi mini afuwa. Wani ɓangare na ɓarnar da kuɗinmu ake yi. Ku 'yan kifi, in kuka buɗe kwali kuka ga tarwaɗa da karfasa 'yan ƙanana da ba su kai yatsa biyu ba, kun san da me aka kama su: koma mai matsattsen ido, ko gidan sauro, ko dumba da aka gicciya ta tare mashiga gaba ɗaya ba abin da ke wucewa. Kun kuma san akwai masu zuba gamalin a ruwa su kwashe abin da ya taso. Dillali ba zai aiko da abin da ba a karɓa ba. In ƙungiyar 'yan kifi ta Oil Mill da ta Anaca suka haɗa baki suka ce ba sa sauke irin wannan kaya, kafin wata ya zagayo labari ya kai bakin ruwa. Gauraka, mai tukun zinariya a ka, ana ɗaukarsa tsuntsun ƙasar Najeriya, amma yau ganin garkensa a dajinmu ya zama abu mai wuya ƙwarai, kuma cikin dalilan akwai kama shi a kai gidajen masu hali ya zama ado. Ungulu ma, wadda dattawanmu suka saba gani birjik a kowace mahauta, tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, saboda guba da kuma masu sayen kanta da ƙafarta don tsibbu. Irin wannan kaya a motocinmu yake bi. Direba, in aka miƙo maka kwando mai motsi ko buhu mai wari aka ce kada ka tambaya, ka tambaya.

Wani zai ce, ai gandun daji dabara ce ta Turawa don a raba talaka da abincinsa. Tsoron yana da tushe, don an yi haka a wurare da yawa. Amma keɓe fili domin amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Garuruwanmu na da hurumi, dajinmu na da burtali da mashaya tun kafin a san wani abu wai shi Ramsar. Abin da za mu tsaya a kai shi ne yadda za a yi shi. Kada a ja layi a takarda a Abuja a ce masuncin da kakansa ya yi su a wurin ya zama ɓarawo. A zauna da Sarkin Ruwa da Arɗo da Bulama da mai unguwa, a ce nan gidan ƙwan kifi ne ba a shiga daga wata kaza zuwa wata kaza, nan burtali ne ba a nomawa, nan kuma kowa ya ci. Mun san jinin da ake zubarwa tsakanin manoma da makiyaya a Guri da Kirikasamma in kaka ta yi, kuma rabon ruwa da ciyawa ne tushensa. Gandun da bai kula da wannan ba, ba zai tsare ko balbela ba. A ɗauki masu gadi da 'yan jagora daga cikin 'ya'yan ƙauyukan. Maharbin da ya san kukan kowane tsuntsu, a ba shi albashi da tabarau mai hango nesa, ya fi kowa iya nuna wa baƙo.

Ga masu ziyara kuwa, ga abin da muke nema a bakin hukumar gandun dajin ƙasa da gwamnatocin Jigawa da Yobe: hanyar da mota za ta bi ba sai an tura ba, kuɗin shiga rubutacce a allo da rasit, rangwame ga 'yan makaranta da 'yan Islamiyya, rumfa da ruwan sha da banɗaki da wurin salla, kwale-kwale da rigar ruwa ga kowa, alluna da Hausa da Fulatanci da Badanci da Barbarci, da lambar waya da za a kira a ɗauka. Wannan ba abin a-zo-a-gani ba ne. A Legas, cibiyar Lekki da NCF ta buɗe a 1990 hekta 78 ce kacal, amma motocin makarantu layi suke yi, mutane na biya su hau gadar nan ta saman itatuwa mai tsawon mita 401. A nan kusa da mu, a tsibirin Bonny, akwai dajin Finima da kamfanin iskar gas na NLNG ya keɓe, ana kai yara su gani. Baturiya da aka yi wa rajista a Ramsar ta haura hekta 100,000. Me muka rasa in ba kula ba?

Lokacin tafiya ma ya zo mana daidai. Bayan Kirsimeti da sabuwar shekara kasuwa a nan Kudu takan yi sanyi, kuma Janairu ne lokacin da baƙin tsuntsaye suka fi cika, shi ya sa a tsakiyar watan ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa. Ƙaramar Sallah ma a 'yan shekarun nan tana matsowa cikin Maris zuwa Fabrairu, kafin baƙin su gama tashi. Wanda ya je gida, ya ware yini ɗaya. Baturiya daga Haɗeja ake shiga, Dagona kuma tana tsakanin Nguru da Gashuwa. A tambayi mutanen gari halin hanya da na tsaro kafin a tashi, a nemi ma'aikatan gandun a shiga da saninsu, a biya abin da aka ce a karɓi rasit. A je da asuba ko da la'asar sakaliya, lokacin ne ruwa ke cika da motsi. Bindiga da danƙo a bar su a gida. Ba kiɗa, ba ihu, ba jifa don a ga tsuntsaye sun tashi a ɗauki hoto, domin kowane firgici yana cinye ƙarfin da tsuntsu ke tarawa na tsallake hamada. Ledar ruwa da robar lemo a dawo da su cikin mota. A sayi kifi da tabarma a hannun mutanen ƙauyen, a sallami ɗan jagora da kyau, su ga cewa tsuntsu mai rai ma yana kawo kuɗi.

A tafi da yara, musamman waɗanda aka haifa a nan, masu jin Ibo da Turancin kasuwa fiye da Hausa, waɗanda Arewa a wurinsu zafi ce da ƙura da gaisuwar dangi. A tafi da mata. Hajiya da ke soya kifin nan kullum tana da haƙƙin ta ga ruwan da ya fito. Samarinmu masu waya a hannu, ku ɗauko hoto da bidiyo ku sa a Facebook da TikTok da Hausa, ku rubuta sunan wurin. Abokan zamanmu Ibo da Ikwerre da Ijaw da ba su san Arewa da komai ba sai labarin tashin hankali, ku nuna musu, wanda ya yi sha'awa ku gayyace shi. Gani ya kori ji.

Shugabanninmu, ƙungiyoyin nan da ke iya tara kuɗin kai gawa gida cikin yini ɗaya, suke iya gina masallaci da karo-karo, ba za su gaza hayar bas ɗaya ba. Ku sa maganar a taron wannan watan. A rubuta takarda da sunan 'yan kasuwar Arewa mazauna Fatakwal da Anaca da Inugu, a kai wa Mai Martaba Sarkin Haɗeja da Mai Bade, a kai wa 'yan majalisar da ke wakiltar yankin da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, a tambaye su yadda ake sakin ruwa, da shirin yashe rassan kogi, da inda aka kwana a kan gandun da aka amince da shi a 2020. A sa ranar 2 ga Fabrairu, ranar fadamu ta duniya, ta zama ranar da za a je a karɓo amsa ido da ido. Sakatare ya buɗe littafi tun wannan Larabar, a rubuta sunayen masu tafiya, ma'aji ya fara karɓar kuɗin mota.